A Yi wa Turancin Dariya, a Ƙyale Mai Magana

Sharhinmu na yau zai kai mu unguwar Handsworth, a arewa maso yammacin birnin Birmingham na ƙasar Ingila. Duk wanda ya hau bas mai lamba 74 daga tsakiyar gari ya bi titin Soho, ya wuce shagunan gwal da na yadi na mutanen Punjab, ya wuce babban wurin ibadar mabiya addinin Sikh, ya wuce masu sayar da doya da busasshen kifi, to kafin ya sauka kunnensa ya sha Turanci iri-iri. Akwai na jikokin mutanen Jamaika da suka fara zuwa bayan yaƙin duniya na biyu, akwai na Indiyawa da 'yan Pakistan, akwai na 'yan asalin garin, ga kuma na maƙwabtansu na West Bromwich da Smethwick, yankin da ake kira Black Country, waɗanda ko Baturen Landan sai ya kasa kunne sosai kafin ya gane su. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da rabin mazauna Birmingham ba fararen fata ba ne, ta kuma nuna haifaffun Najeriya da ke Ingila da Wales sun haura 270,000. Daga watan Fabrairun 2022, da gwamnatin Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin kula da tsofaffi, namu suka ƙara yawa. Cikinsu akwai Hausawa: ma'aikatan jinya, masu dutin dare a gidajen tsofaffi, ɗalibai masu haɗa karatu da aikin sito ko gadi, a Birmingham da kuma Manchester.

Manyan kalmomin likitanci ba sa tada wa waɗannan bayin Allah hankali, don tun a makaranta suka haddace su. Abin da ke ba su dariya a wurin aiki, ya kuma sa su gumi, ƙananan kalmomin aiki ne, wato aikatau irin su "put" da "take" da "go", waɗanda ɗan firamare ma ya sani. Da zarar an liƙa wa ɗaya 'yar wata kalma a baya, "up" ko "off" ko "out", sai ma'anar ta sauya gaba ɗaya. Ra'ayina a yau shi ne dariyar da ake yi kan wannan ruɗani tana da amfani, kuma bai kamata a hana ta ba, domin abin tsoro a wurin aiki shi ne ma'aikacin da bai gane ba, ya ji kunyar tambaya, ya gyaɗa kai ya ce to. Amma akwai sharaɗi: harshen ake yi wa dariya, kuma kowa a wurin yana da damar ramawa.

Mu fara da abin da sabon zuwa bai cika sani ba. Turawan da kansu sun daɗe da sanin harshensu na da wannan murɗiya. Samuel Johnson, mutumin Lichfield da ke arewa kaɗan da Birmingham, wanda ya yi zama a Birmingham ɗin yana saurayi, ya fitar da shahararren ƙamusunsa a 1755, kuma a gabatarwarsa ya amsa cewa wannan ɗabi'a ta jingina wa aikatau 'yar ƙaramar kalma ita ce ta fi wahalar da baƙi. Bayan shekara fiye da 250, masu gyaran babban ƙamus na Oxford suka ƙirga ma'anonin aikatau guda ɗaya tak, "run", suka samu 645. Saboda haka idan shugabar aiki ta ce ƙararrawar gobara "went off", sabon ma'aikaci daga Katsina ya ɗauka ta mutu ne, tunda a gida "off" kashewa ne, a kashe fitila, a kashe janareta, alhali ita nufinta ƙararrawar ta kaɗa har ta tada kowa daga barci, ba za a ce kansa na da duhu ba. Shi hankali ya bi, harshen ne ya kauce. Cike takarda "fill in" ne, kuma "fill out" ne, ciki da waje sun zama abu ɗaya. A ɗakin majinyata "pass out" suma ne, "pass away" rasuwa ce, "pass water" fitsari ne, shi kuwa ɗan Najeriya in ya ji ta farkon, faretin kammala bautar ƙasa ne ke fara zuwa masa a rai.

Har tsakanin masu harshen ana cin karo. Winston Churchill ya ba da labari a tarihin yaƙin duniya na biyu da ya rubuta cewa hafsoshin Birtaniya da na Amurka sun daɗe suna cacar baki a wani taro kan aikatau "table". A wurin 'yan Birtaniya yana nufin a kawo takarda a tattauna ta yanzu, a wurin Amurkawa kuwa yana nufin a jingine ta sai wani jiƙon. Su duka abu ɗaya suke so, kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya ƙi. Idan hafsoshin da suka sha harshen a nono za su yi haka ana tsakiyar yaƙi, to yarinyar da ta sauka daga Zariya wata uku da suka wuce ba ta da abin jin kunya.

Kuma duk wannan Turancin littafi ne. Na bakin mutane ya fi shi tsauri. Tsoho ɗan Black Country da ke kwance a gado zai ce "I cor", yana nufin ba zai iya ba, ya ce "I day", yana nufin bai yi ba. A Manchester za a ce maka kada ka "mither" mutum, wato kada ka dame shi, kuma za ka ji Bature ɗan gari yana neman aron biro da kalmar "lend", wadda malamin Turanci a Kano zai ja wa jan layi. Abokin aiki ɗan asalin Jamaika zai ce "soon come", kuma ba lallai ne yanzu-yanzu yake nufi ba. Sai kuma ladabin ofis, wanda ya fi komai yaudarar baƙo. Idan manaja ta ce "you might want to" ka duba kaza, umarni ta ba ka, ba shawara ba. Idan ta tambaye ka da "would you mind", ka amsa da "yes" cikin girmamawa kamar yadda aka rene ka, to a ƙa'idar harshen ka ƙi ke nan. Babu littafin nahawu da zai shirya mutum ya tari wannan duka a dare ɗaya.

Mu ma fa da namu kayan muke zuwa, kuma kayan nan suna da asali. Bahaushe yana cewa na ari littafi, ya kuma ce ya ara mini littafi, tushe ɗaya ne ke yin aikin biyu, shi ya sa "borrow me" ke fita daga bakinsa ba tare da ya ji wani ƙaiƙayi ba. Yana jin magana, yana jin wari, yana jin sanyi, don haka zai iya gaya wa abokin aiki cewa ya "hear" ƙaurin wani abu a kicin. Yana cewa ina zuwa alhali tafiya yake yi, sai ya bar manaja tsaye tana jiran wanda ya ce "I'm coming" ya ba ta baya ya ɓace a lungu. A watan Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da Kannywood, da "eat money" wanda kowane Bahaushe zai gane cin kuɗi ne, da "put to bed" da ma'anar haihuwa. Wato masu ƙamus sun yarda wannan ma Turanci ne, na wata ƙasa mai mutum sama da miliyan 200.

Ku kwatanta wannan a ranku. Ƙarfe takwas na dare, a ɗan ƙaramin ofishin wani gidan tsofaffi, lokacin miƙa aiki. Mai dutin rana, Baturiya 'yar gari, ta gaji, jakarta na kafaɗa, tana karanto rahoto ɗaki bayan ɗaki da sauri don kada bas ya wuce ta. Ta zo kan wata tsohuwa mai shekara 90 ta ce an "put" ta "to bed". Mai karɓar aikin, 'yar Najeriya, ta san sarai tsohuwar ba ta haihu ba, amma hoton da ya faɗo mata a rai ya fi ƙarfinta, ta toshe baki da hannu, dariya ta kufce. Baturiya ta tsaya ta ce lafiya? Ta yi mata bayani. Yanzu su biyu ke dariya. Me aka samu a cikin wannan minti ɗaya? Ɗayar ta koyi cewa abokiyar aikinta tana da cikakken Turanci nata mai ƙa'ida, ɗayar kuma ta ga cewa a wannan ofis ana iya cewa ban gane ba, kuma babu abin da zai faru. Gobe idan aka ce mata wani tsoho ya "bring up" abincinsa, ba za ta tsaya zato ba, za ta tambaya, a ce mata amai ya yi.

A nan ne amfanin dariyar yake, kuma ina so a duba shi da idon basira. Bizar mai aikin kula da tsofaffi a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauko shi. In aikin ya kufce, galibi kwana 60 ake ba mutum ya nemi wani kamfanin ko ya tattara ya koma. Akwai bashin da aka ci kafin a taho, akwai iyaye da ƙanne masu jiran aike ƙarshen wata. Wanda ke ɗauke da wannan nauyi ba ya son a ga kamar bai iya ba, ga kuma tarbiyyarmu da ta koya mana cewa yawan tambayar babba rashin kunya ne. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in tambayar ba za ta ci masa mutunci ba. Dariyar da aka yi tare ita ke rage wa tambaya tsada. Masana harshe a Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand, ƙarƙashin Farfesa Janet Holmes, sun fara naɗar hirarrakin wuraren aiki tun 1996, a ofisoshi da masana'antu, kuma daga cikin abin da suka tabbatar akwai cewa raha na ƙulla zumunci tsakanin abokan aiki, tana tausasa umarni da gyara, tana kuma ba na ƙasa hanyar faɗin abin da ba zai iya faɗa kai tsaye ba. Sun kuma nuna na sama na iya fakewa da ita ya danne na ƙasa, kuma wannan ya kawo mu ga masu suka.

Mai suka na farko zai ce: malam, kana yi wa cin fuska ado ne kawai. Wanda ake yi wa dariya kullum shi ne baƙo, baƙar fata, mai albashi mafi ƙanƙanta, kuma murmushin da yake yi na dole ne. Wannan magana tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Da yawa cikinmu sun kalli wasan talabijin ɗin nan "Mind Your Language", wanda tashar ITV ta fara nunawa a 1977, aka kuma nuna shi a Najeriya. Ajin koyon Turanci ne, kowane ɗalibi an mayar da shi abin dariyar ƙasarsu, malami Bature ne kaɗai mai cikakken hankali. Tashar ta dakatar da shi a 1979 saboda wannan dalili. Mu ma ba mu tsira ba, laifi tudu ne. Mun sha yi wa Inyamuri ko Bagwari dariya in ya ce yarinya ya zo, har muna da kalmar gwaranci da muka ajiye don wannan. Duk wanda ya taɓa zama a gefen da ake yi wa dariya ya san bambancin da ke tsakanin a yi da kai da a yi maka. Dokar Birtaniya ma ta san shi. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta muzgunawa mai nasaba da launi ko ƙasa ko asalin mutum, kuma ba ta tsaya kan niyyar mai magana kaɗai ba, tana duba yadda maganar ta taɓa wanda aka yi wa. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ma'aikata ta yanke cewa magana kan lafazin mutum na iya shiga wannan babi. Cewa wasa nake yi ba ya wanke kowa.

Amsata ita ce wannan suka ya nuna iyakar dariya ne, bai soke ta ba, kuma Bahaushe ya riga ya san inda iyakar take. Muna da wasan taubasantaka da na ƙabilu: Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin Jamhuriyar Nijar cikin gadon al'adun duniya saboda yadda yake kashe wutar rigima. Ƙa'idarsa sananniya ce: ka tsokana, a tsokane ka, kuma babu wanda ke da ikon korar ɗan'uwansa daga aiki gobe da safe. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, ya shekara da shekaru yana ba mu dariya da Hausar bariki mai gauraye da Turanci, amma tsohon soja ne shi, gidansu yake yi wa raha daga ciki. A auna dariyar wurin aiki da wannan ma'auni. Idan Baturiyar nan za ta yi dariyar "I'm coming", ta kuma yarda a yi dariyar ƙararrawarta da ke kaɗawa da kalmar kashewa, wasa ne. Idan manaja ce ke kwaikwayon muryar ma'aikaciya a gaban jama'a, ko an mayar da kuskure ɗaya ya zama laƙabin mutum har wata shida, to an fita daga wasa, kuma wanda aka yi wa yana da haƙƙin ya rubuta rana da lokaci da shaidu, ya kai ƙara.

Mai suka na biyu ya fi ba ni tsoro, domin shi rai yake magana a kai. Zai ce gidan tsofaffi da asibiti ba dandali ba ne, kuskuren aikatau ɗaya na iya sa a ba mutum maganin da aka ce a dakatar. Gaskiya ne, kuma tarihi ya ba shi hujja. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Dalilan suna da yawa, amma cikinsu akwai jimlar da mataimakin matuƙin KLM ya faɗa da kalmar "takeoff", wadda shi yake nufin sun fara tashi, mai kula da hasumiya kuma ya ɗauka suna tsaye ne a bakin layi suna jira. Bayan wannan masifa aka gyara ƙa'ida, ba a furta kalmar sai lokacin ba da izinin tashi ko janye shi. To amma ku lura da irin maganin da aka ɗauka: an amsa cewa harshen yau da kullum na da ramuka, aka taƙaita kalmomi, aka ƙarfafa maimaita umarni don mai bayarwa ya ji abin da aka fahimta. Wurin aikin da ake raha kan ruɗanin kalmomi wuri ne da kowa ya riga ya amsa ramukan suna nan, kuma a irinsa ne maimaita umarni ba ya zama abin kunya. Tsarin dai a bayyane yake: in maganar magani ce, ko faɗuwar tsoho, ko gobara, a tambaya, a maimaita, a rubuta. Dariyar ta jira lokacin shan shayi.

Akwai kuma masu cewa ai mafita ita ce mutum ya koyi Turanci da kyau kafin ya taho. Ba zan daɗe a kan wannan ba. Ma'aikaciyar jinya da ta bi ta jarrabawar IELTS sai ta ci maki 7 a karatu da sauraro da magana, da 6.5 a rubutu, kafin hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya ta yi mata rajista, duk da cewa da Turanci ta yi karatunta tun daga firamare. Ta iya Turanci. Abin da jarrabawar ba ta tambaye ta ba shi ne "I cor" na tsohon West Bromwich da ƙarfe uku na dare, haƙoran robarsa na cikin kofi. Wannan a bakin aiki ake koyonsa, daga bakin abokan aiki, kuma abin da aka koya ana dariya ba ya saurin fita daga kai.

Saboda haka kirana na farko ga 'yan'uwanmu da suka daɗe a Birmingham da Manchester, musamman waɗanda Allah ya ɗaga suka zama shugabannin duti. Ku ne ya kamata ku fara buɗe wasan, ku nuna wa sabon zuwa inda harshen ya taɓa kayar da kowa, kada ku zama na farko wajen yi masa kallon ɗan ƙauye don ku burge Bature. Idan kuna ba da umarni, ku zaɓi kalma mai ma'ana ɗaya, ku ce ya maimaita muku. Ke kuma ƙanwata da kika fara dutin dare wannan watan, da kai ɗan'uwa da ke tsaye a sito, idan aka faɗi abin da bai shige ku ba, ku tsayar da mai magana ku ce ya sake faɗa da wasu kalmomin, ko da za a yi dariya, ku ma ku yi, sannan ku gaya musu yadda ake faɗinsa a gida. Idan kuwa dariyar ta zama kullum kanku take sauka, ku sani doka na tare da ku, ku yi magana.